ASALIN KALMAR TAKARDA DA 'YAN'UWANTA

Ba mu tsammani akwai wata kalma da ta fi yawan fita daga bakin akawu da malamin makaranta kamar "takarda". Mai neman biyan bukata in ya tsaya bakin ofis, tambayar farko da za a yi masa ita ce, "Ina takardarka?" Yaro ko ya yi shekara goma cikin aji, ba a ce ya gama ba sai ya riƙe takardar shaida. Da takarda a ke kiran mutum gaban alƙali, da ita a ke tabbatar masa da gonarsa, da ita a ke ɗaukarsa aiki, da ita kuma a ke sallamarsa.

Duk da haka in aka tambayi yawancinmu inda kalmar nan ta fito, sai mu ce ai Hausa ce tsantsa, gadon kakanni. Wanda ya ɗan yi zurfin tunani kuwa sai ya ce daga Larabci ta ke, tun da ya ke alƙalami da allo da tawada duk daga can suka zo mana. To, duka amsoshin nan biyu da gyara. Takarda matafiyiya ce wadda ta yi fiye da shekara dubu biyu tana yawon duniya, kuma ba sau ɗaya ta shigo Hausa ba, sau biyar ta shigo, ko wane zuwa da irin rigar da ta sanyo.

CIYAWAR BAKIN NILU

Mafarin labarin a Masar ya ke. Akwai wata irin ciyawa da ta ke fitowa a fadamun Kogin Nilu, doguwa, ta fi mutum tsawo, karanta mai kusurwa uku, da tukku a bisa. Irinta tana fitowa a Tafkin Cadi, da ita Budumawa su kan ɗaure jiragensu na ruwa. Masarawan dā su kan ɓare karan, su yanka ɓargon ciki siri-siri, su jera waɗansu a tsaye, su ɗora waɗansu a gicciye, su danne har su manne, su shanya, sa'an nan su goge da dutse mai santsi. In an sami falle da dama sai a liƙa su baki da baki, a naɗe kamar tabarma.

A shekarar 2013 waɗansu masu tonon kayan tarihi daga Faransa suka sami irin waɗannan fallaye a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya. Shekarunsu sun kai wajen 4,500, su ne mafi daɗewa cikin masu rubutu da aka taɓa samu. Abin da zai yi wa akawuna daɗin ji shi ne, abin da ke cikinsu lissafi ne da rahoton aiki. Wani shugaban ma'aikata mai suna Merer shi ya riƙa rubuta, rana bayan rana, inda shi da mutanensa suka kwana, da yadda suka yi jigilar farin dutse cikin jirgi daga Tura zuwa Giza domin ginin babbar dalar Fir'auna Khufu.

Girkawa suka riƙa sayen wannan kaya daga Masar, tun kamar shekara ɗari biyar kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, suna kiran fallen da aka shirya domin rubutu "khartes". Da mulki ya koma hannun Rumawa sai suka ɗauki kayan da sunan gaba ɗaya, suka ce "charta" cikin harshensu na Latin, a faɗe kuwa "karta". Daga wannan gida ne zuriyar ta watsu.

HANYAR AZBIN

Rumawa sun rushe birnin Kartaj, kusa da inda Tunis ta ke yanzu, a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, suka yi shekaru ɗaruruwa suna mulkin Afirka ta Arewa, har suka ajiye sojoji a Gadamas, bakin hamada. Mutanen ƙasar su ne Barbar, watau dangin Buzaye, kada a haɗa su da Barebarin Barno. Mai zama da mai mulki kuwa ba ya rasa ɗaukar kalmominsa, balle sunan abin da a ke rubuta masa haraji a kai. Sai Barbar suka ɗauki "karta".

Harshen Barbar yana da wata ɗabi'a: sunan mace ya kan fara da "ta". Sabo da haka a bakin Azbinawa kalmar ta zama "takarɗe". Fatake suka bi da ita ta Agadas, tare da gishiri da dabino, suka sauke ta a Katsina da Kano, muka ce "takarda". Ba ita kaɗai ta biyo wannan ayari ba. Takobi da tozali da azurfa da amale da cuku, har da kalmar "talaka", duk daga bakin Buzaye muka same su. Wani masanin harsuna na ƙasar Holan, Maarten Kossmann, ya buga littafi guda a 2005 bisa irin waɗannan kalmomi.

Ga yadda malami zai gwada wa almajiransa cewa ba kai tsaye daga Larabci kalmar ta zo ba. Kalmomin da muka ara daga Larabawa da yawa su kan zo da "al" a gaba, kamar alƙalami, alƙali, alkama, albasa. Waɗanda suka biyo ta Azbin kuwa su kan zo da "ta". Wannan "ta" ɗin kamar hatimin kwastan ya ke a jikin kaya, yana nuna ƙofar da suka shigo.

Larabawa su ma suna da rabonsu cikin wannan gado. Kalmar Girkawa ta isa gare su ta zama "ƙirɗas", jam'inta "ƙaraɗis", duka biyu kuwa suna cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul An'am, aya ta 7 da ta 91. Daga Larabci ta bi jiragen ruwan 'yan kasuwa, ta zama "karatasi" a Suwahili, ta zama "kertas" a bakin mutanen Maleshiya da Indunusiya. Da a ce ta wannan hanya ta zo mana, da yanzu "alƙirɗasi" mu ke cewa. Ashe dai ƙirɗas da takarda 'yan'uwa ne, kaka ɗaya, amma ba ɗayan ne ya haifi ɗayan ba.

KAYA YA SAKE, SUNA BAI SAKE BA

Sai dai fa abin da mu ke rubutu a kai yau ba ɗan ciyawar Masar ba ne. Mutanen Sin suka ƙago shi. Tarihinsu ya ce a shekara ta 105 wani bafade mai suna Cai Lun ya gabatar wa sarkinsu hanyar da a ke daka ɓawon itace da tsumma da tsohuwar komar masunta, a dama da ruwa, a tace a kan rariya, a shanya. Sana'ar ta iso Samarkand cikin ƙarni na takwas, kafin ƙarshen ƙarnin nan kuma ana yinta a Bagadaza, zamanin Halifa Haruna Rashid. Daga nan sai Sham da Masar da Andalus, cikin ƙarni na goma sha uku kuma ta kafu a garin Fabriano na Italiya. Da ya ke ta fi araha, ta kuma fi jure naɗi, sai ta kashe kasuwar ta Masar ƙurmus.

Wannan sabon kaya ya zo da nasa suna. Farisawa da Larabawa suka ce masa "kagad", shi ne Turkawa da mutanen Hindu su ke amfani da shi har yanzu, ko wa da irin lafazinsa. Amma a wurare da yawa tsohon suna ya ƙi gusawa, sai ya haye bisa sabon kaya ya yi zamansa.

In muka duba maƙwabtanmu, sunan takarda kaɗai ya isa ya gaya mana da wa ko wace al'umma ta fara ciniki. Barebari suna cewa "kakkade", Wolof na Senegal suna cewa "kayit", duka biyu 'ya'yan "kagad" ne da suka zo ta hannun Larabawa. Mutanen Asante suna cewa "krataa", wannan kuwa "carta" ce ta Fotugal, waɗanda suka gina ganuwarsu a Elmina a 1482. Yarabawa da Nufawa suna cewa "takada", daga bakin fatakenmu suka ji. Bahaushen da ya kai fatauci Kumasi ya ce "takarda", abokin cinikinsa ya ce "krataa", kalma ɗaya su ke faɗi ba su sani ba, ɗaya ta ƙetaro hamada, ɗaya ta zagayo ta teku.

Ga wani abin sha'awa kuma. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, cikin kayan da ya lissafa ana kawowa daga Tarabulus har da takarda mai alamar wata uku. A Italiya a ke yinta, a ƙasar Venis, domin kasuwannin Musulmi. Littattafan hannu da yawa na malaman Sakkwato da Kano da Barno na wancan ƙarni, in aka ɗaga warƙarsu wajen haske za a ga jinjirin wata uku a jere. Masu yinta "carta" su ke ce mata, masu sayenta a Kurmi su ce "takarda".

KO WACE ƘASA DA ABIN DA TA GANI

Abin lura shi ne, ko da ya ke kalmar ɗaya ce, ma'anarta ta rarrabu. A Italiya "carta" ita ce takardar kanta, ko da ba rubutu. A Fotugal da Sifen "carta" wasiƙa ce. A Romaniya "carte" littafi ne. A Rasha "karta" taswirar ƙasa ce. A Faransa "carte" ta haɗa taswira da kati da jerin abincin da a ke miƙa wa baƙo a gidan cin abinci. Ingilishi, waɗanda suka yi suna wajen tuƙin jirgin ruwa, "chart" a wurinsu taswirar teku ce, mai nuna zurfin ruwa da inda duwatsu su ke. Takardar kanta kuwa "paper" su ke ce mata, daga sunan ita ciyawar nan ta Masar, "papyrus".

Mu ma mun yi mata namu aiki. A Hausa takarda ta kan zama wasiƙa, a ce wane ya aiko da takarda. Ta kan zama kuɗi, kamar yadda a ke cewa takardar fam kafin naira ta maye gurbinsa ran 1 ga Janairu 1973. Ta kan zama hukunci, kamar takardar sammaci da takardar saki. Har sarauta muka gina a kanta, muka haɗa kalmomi uku, ma-ga-takarda, watau wanda idonsa ke ganin wasiƙun sarki. Kalmar da ta kai ga haihuwar sarauta ai ta wuce a kira ta baƙuwa.

TAKARDAR DA TA FI ƘARFIN SARKI

Akwai wani reshe na zuriyar da ya shiga sha'anin mulki. Bayan faɗuwar Rum, Turawa suka riƙa kiran ko wace rubutacciyar yarjejeniya "carta", ko da a fata aka rubuta ta. Mafi shahara ita ce Magna Carta, watau Babbar Takarda. Cikin watan Yuni 1215 manyan hakiman Ingila suka tilasta wa Sarki John ya buga mata hatimi a wani fili da a ke kira Runnymede. A cikinta ya ɗauki alkawarin ba za a tsare ɗa ba sai bisa hukuncin shari'a, kuma ba zai sayar wa kowa da adalci ba, ba zai hana shi ba, ba zai jinkirta shi ba. Kofe huɗu na wannan shekara suna nan har yanzu, duk a fatar dabba.

Daga "chartula", watau 'yar ƙaramar takarda, Ingilishi suka sami "charter", takardar da hukuma ke ba wani gari ko kamfani iko da ita. Wannan kam ta shafe mu. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin Royal Niger, na George Goldie, irin wannan takarda, ya sami ikon karɓar kuɗin fito da ajiye sojoji a bakin Kwara da Binuwai. A ƙarshen 1899 aka soke ta, aka biya kamfanin fam 865,000, ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja. Da wannan suna kuma a ke kiran takardar da ta kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙasashe 50 suka sa wa hannu a San Faransisko ran 26 ga Yuni 1945, Nijeriya ta shiga ran 7 ga Oktoba 1960, ita ce ta 99.

'Yan kasuwar Turai na dā in za su yi hayar jirgin ruwa sukutum, su kan rubuta sharuɗɗan sau biyu a falle guda, a tsaga shi biyu, mai jirgi ya riƙe rabi, mai kaya ya riƙe rabi. In gardama ta taso sai a haɗa a gani. Daga nan "charter" ta ɗauki ma'anar hayar abin hawa gaba ɗayansa. To, ita ce direbobinmu suka mayar "shata". Wanda ya yi shatar mota domin kai amarya, da 'yar'uwar takarda ya yi magana.

SAURAN BAƘIN UKU

Mun ga biyu ke nan, takarda da shata. Ta uku ita ce "karta" ta wasa. Wasan ya shiga Turai daga Masar wajen 1370, mutanen Italiya da Sifen suka kira ko wane falle "carta", Larabawan Magrib su ma suna cewa "karɗa". Wannan ita ta fi kama da kakarta ta Rum, ita ce kuma ta fi zubar da mutuncin gidan, gama dukiyar da ta salwanta a kanta wurin caca ba ta lissafuwa.

Ta huɗu "kati", daga "card" ta Ingilishi, wadda su kuma suka ara daga "carte" ta Faransa. Ga katin asibiti, ga katin gayyata, ga katin zaɓe, ga na waya. Ta biyar "katan", irin wanda a ke zuba sabulu ko madara a ciki. Asalinsa "cartone" na Italiya, watau takarda mai kauri. A kan irin wannan takarda masu zane su kan fara gwada hotonsu, har a 1843 wata mujallar ban dariya ta Landan mai suna Punch ta kira zanenta na zolaya da wannan suna. Shi ne "katun" da yara ke kallo.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Wajibi ne mu ja kunnen malamai a nan, gama wannan ilmi yana da santsi. Ba ko wace kalma mai kama da wata ce 'yar'uwarta ba. Muna da "karta" ta karta ashana ko kartar ƙasa, dangin "karce", wannan tamu ce, ba ruwanta da Rum. Muna da "shata" ta shata iyakar gona ko harsashin gini, ita ma ba ta haɗa komai da hayar mota ba. Kafin a ce kalmomi biyu dangi ne sai an duba abu uku: sautinsu ya dace bisa ƙa'ida, ma'anarsu ta kusanci juna, kuma akwai hanyar da masu harsunan biyu suka sadu. In ɗaya ya ɓace, to, hasashe ne.

Har wa yau kada malami ya bar almajiri ya tashi da jin cewa aron kalma gazawa ce. An ce kayan aro ba ya rufe katara, gaskiya ne, amma wannan ga abin da mai shi zai zo ya karɓa ne. Rumawa sun ara daga Girkawa, Larabawa sun ara, Ingilishi sun ara har sau da dama, ba wanda harshensa ya ragu. Abin da a ke bukata shi ne a sarrafa kalmar ta bi ƙa'idar gida, yadda muka yi wa takarda jam'i muka ce takardu.

MA'ANAR DA KE HANNUNMU

Mun bar Turkawa a ƙarshe da gangan. Sun ɗauki "ƙirɗas" ta Larabawa suka gina "kirtasiye", watau kayan rubutu na ofis. Daga nan suka ƙara gina wata kalma, "kirtasiyecilik", ma'anarta kuwa jan rai da takardu: je ka ka dawo, kawo kofe uku, mai sa hannu ba ya nan. Ba masana ne suka zauna suka zaɓa mata wannan ma'ana ba, mutanen da suka gaji da tsayuwa bakin ofis su suka ba ta.

Darasin da mu ke so a ɗauka ke nan. A ko wace ƙasa kalmar nan ta ɗauki ma'anar aikin da aka fi sa ta. Inda ta taimaki matuƙi ta zama taswira, inda ta kare mutane daga zalunci ta zama alkawarin sarki, inda aka wahalar da jama'a da ita ta zama abin ba'a. Tun zamanin En'e, har bayan da aka kafa ƙananan hukumomi a 1976, yawancin mutanenmu na ƙauye ba su saduwa da hukuma sai ta fuskar takarda, wanda ke riƙe da ita kuwa akawu ne. Rasit ɗin da ba a rubuta ba, fayil ɗin da ya kwana wata uku ƙarƙashin tebur, sakamakon jarrabawa da aka shigar ba daidai ba, ko wanne yana iya raba mutum da gonarsa, ko haƙƙinsa, ko karatun ɗansa.

Mun faɗa a baya cewa takarda da talaka ayari guda suka biyo suka shigo Hausa. Har yau suna haɗuwa ko wace safiya a bakin tebur ɗinku. In talakan ya ji an ce "takarda" ya ji sanyi a ransa, aikinku ne. In kuwa gabansa ya faɗi, shi ma aikinku ne. Muna roƙon akawuna su tuna da wannan gobe in sun buɗe ofis, malamai kuma su ba yara labarin, su sa su tattaro waɗansu kalmomi masu fara da "ta" da masu fara da "al", a zauna cikin aji a tantance baƙi da 'yan gida.